Daren Da Kotso Ya Ƙwace Fili Daga Hannun Fiyano A Sakkwato

Daga Wakilinmu, a Sakkwato

DUK wanda ya taɓa kwana a Sakkwato cikin watan Afrilu ba sai an yi masa bayanin bazara ba. Tun ƙarfe goma na safe rana ke fara duka, ma'aunin zafi ya haura 40, mai sayar da ruwan sanyi ya zama ɗan gata. Shi ya sa a birnin Shehu ba a shirya taron kirki da tsakar rana. Sai an yi sallar isha'i, 'yar iska ta fara kaɗowa daga wajen gulbin Rima, sannan ake fito da tabarmi da kujeru.

A irin wannan daren ne, 'yan makonni bayan ƙaramar Sallah, na samu kaina a wani bikin aure a unguwar Mabera. Ba aiki ya kai ni ba, abokin ango ne ya ja ni. Amma abin da idona ya gane mini ya sa na ce lallai sai masu karatun wannan mujalla sun sha labari, musamman furodusoshi da daraktocinmu.

Shiri dai an yi shi irin na zamani. Ga rumfa, ga kujerun roba, ga manyan lasifikoki, ga DJ da kwamfutarsa yana sako waƙoƙin fim ɗaya bayan ɗaya. Samari sun sha shadda, ƙamshin turare ko'ina. Can gefe guda, kusa da inda dattawa suke, wasu mutum shida na zaune bisa tabarma, kowa da babbar rigarsa, huɗu daga cikinsu da 'yan ganguna rataye a kafaɗa. Mahaifin ango ne ya gayyato su, kuma babu wanda ya ko kalli inda suke. Har na ji wani saurayi a bayana yana ce wa abokinsa da zarar tsofaffin nan sun fara, shi kam zai kama gabansa.

Wajen ƙarfe tara da rabi aka ɗauke wuta. Aka ja janareta, ya yi tari biyu ya mutu. Aka sake ja, ko motsi. Wuri ya yi duhu, sai hasken wayoyi, mutane suka fara laluben makullan baburansu. Nan ne jagoran mutanen nan shida ya miƙe ya gyara riga. Sanƙiransa ya ɗaga murya ya yi wa jama'a sallama, ya zuba wa uban ango kirari. Sai yatsu suka sauka a kan fata.

BA WUTA, BA LASIFIKA

Mai karatu, in ba ka taɓa tsayawa kusa da masu kotso suna aiki ba, to abin da kake ji a kaset ko a waya inuwa ce kawai. Kotso 'yar ganga ce mai tsukakken ciki kamar kalangu, sai dai ita baki ɗaya ake rufe mata da fata, kuma da hannu ake kaɗa ta, ba da gula ba. Makaɗi na matse tsirkiyoyinta yana saki, muryarta na hawa tana sauka. Idan mutum huɗu suka haɗu a kai, kowa da nasa bugun, sai ka ji sautin yana ratsa ƙirjinka.

Da waƙar Ɗanƙwairo suka buɗe. Jagora ya ɗauko ɗan waƙa, kafin ya dire 'yan amshi sun tarbe shi sun ƙarasa masa, suka yi ƙari, sannan duk suka faɗa gindin waƙa tare kamar da baki ɗaya. Babu takarda, babu wanda ya kalli wani. Numfashin jagora kawai suke bi. Daga nan suka shiga ta Narambaɗa, suka taɓo ta Sa'idu Faru, suka koma ta Jankiɗi. A tsakani jagora yakan sako sunan uban ango da na kakanninsa, ya ɗan yi wa abokan wasan gidan habaici, wuri ya ɗauki dariya.

Kan ka ce kwabo, waɗanda suka tayar da babura sun kashe. Dattawa suka fara tasowa ɗaya bayan ɗaya suna liƙi. Wani tsoho da aka riƙo hannunsa ya tsaya gaban makaɗan yana gyaɗa kai, leɓensa na bin waƙar kalma bayan kalma. Daga cikin gida mata suka rangaɗa guɗa. Samarin nan kuwa, ciki har da mai cewa zai kama gabansa, sun yi da'ira, kowa ya ɗaga waya yana ɗauka, hasken wayoyin nasu ne ma ya zama fitilar fili. Da aka dawo da wuta bayan kamar awa guda, DJ ya taɓa kwamfutarsa, sai jama'a suka yi masa ca. Dole ya kashe ya zauna, shi ma ya zama ɗan kallo.

SU WA SUKA BAR WANNAN GADO?

Da yawa cikin matasan da ke wurin sun san amon waƙoƙin, don suna jin su a rediyo ko a shagon tela, amma ba su san masu su ba. To bari mu ɗan tuna wa juna.

Tsohuwar Jihar Sakkwato, kafin a cire Kebbi a 1991 da Zamfara a 1996, ita ce matattarar manyan makaɗan fada na ƙasar Hausa. Ibrahim Narambaɗa mutumin Tubali ne, makaɗin Sarkin Gobir na Isa, Amadu Bawa. Ya rasu a farkon shekarun 1960, amma har gobe in ana maganar zurfin Hausa sai an ambaci Bakandamiyarsa. Farfesa Aliyu Muhammad Bunza ya rubuta littafi sukutum a kansa, kuma a 2019 Jami'ar Bayero ta Kano ta shirya taron ƙasa da ƙasa don nazarin waƙoƙinsa. Salihu Jankiɗi shi ne Sarkin Taushin Sarkin Musulmi Abubakar na III, a nan cikin Sakkwato ya yi zamansa na fada har ya rasu a 1973. Sa'idu Faru, wanda ake kira Malamin Waƙa, ya daɗe yana wasa Muhammadu Macciɗo tun yana Sarkin Kudu, amma Allah bai nuna masa ranar da ubangidan nasa ya zama Sarkin Musulmi a 1996 ba. Alhaji Musa Ɗanƙwairo Maradun, wanda ya rasu a 1991, ya yi wa Sardauna waƙa, ya yi wa sarakunan Arewa da dama, kuma ƙungiyarsa ce ake buga misali da ita wajen iya amshi.

Ba fada kaɗai ba. Akwai Muhammadu Bawa Ɗan'anace da kalangunsa, wanda ya mayar da ɗan dambe Shago gwarzon da ko yaran da ba su taɓa ganinsa ba sun san sunansa. Akwai Kassu Zurmi na 'yan tauri da mafarauta, da Maidaji Sabon Birni na manoma, da Gambu wanda ya yi suna da waƙar ɓarayi kafin ya tuba ya bari. Akwai Aliyu Ɗandawo, da ɗansa Sani da ya gaje shi a Yawuri. Kowane rukuni na jama'a da makaɗinsa, kowane makaɗi da ƙungiyarsa.

Mutanen da na gani a Mabera ba su ƙirƙiri ko ɗaya daga cikin waɗannan waƙoƙi ba. Aikinsu shi ne riƙe su da rai: su rera su da irin kayan kiɗan da aka yi su da su, da irin tsarin amshin da aka yi su da shi, a gaban mutane, ido na ganin ido.

ƊAN'UWANSA NA ƘETAREN TEKU

Ina tsaye a wurin sai wani fim ya faɗo mini a rai. Waɗanda ke bin finafinan Amurka sun san "Sinners" na darakta Ryan Coogler, wanda ya fito a 2025, inda jarumi Michael B. Jordan ya fito a matsayin tagwaye. A ido fim ne na masu shan jini, amma ƙashin bayansa kiɗa ne, wani tsohon kiɗan baƙaƙen fatar Amurka da ake kira buluz. An gina labarin a Misisipi ta 1932. Akwai wata fitowa da wani yaro ke kaɗa jita a gidan rawa, kiɗan nasa ya yi ƙarfin da har ya kirawo makaɗan da da na gobe suka cika ɗakin, ciki har da na Afrika ta Yamma. A ƙarshen fim ɗin an sako Buddy Guy, tsohon makaɗin buluz na gaske wanda aka haifa a 1936. Fim ɗin ya tara sama da dala miliyan 350 a duniya.

Mene ne buluz? Kiɗa ne da ya tsiro a kudancin Amurka a tsakanin jikokin bayin da aka kwasa daga Afrika, a gonakin auduga da sansanonin leburori. Waƙa ce ta talaka: ta gajiya, ta bashi, ta rabuwa da masoyi, ta barin gida. Mawaƙi ya yi kira, jita ko abokan aiki su amsa. Ƙaninsa jaz kuma a birnin New Orleans ya girma, da kakakin Bature da fiyano da ganguna. An fara naɗar jaz a faifai a 1917, kuma a 1920 wata mawaƙiya Mamie Smith ta yi faifan buluz da ya buɗe wa baƙar fata kasuwar faifai.

Masana sun daɗe suna bin sawun wannan kiɗa zuwa gida. Wani masani ɗan ƙasar Austriya, Gerhard Kubik, ya fitar da littafi a 1999 mai suna "Africa and the Blues", inda ya nuna cewa yawancin siffofin buluz na karkara sun fi kama da kiɗan yankinmu na Sudan ta Yamma da ta Tsakiya, wato ƙasashen Hausawa da Fulani da Barebari da maƙwabtansu, fiye da na bakin teku. Har ya kwatanta kiɗan wani Bahaushe mai goge da ya naɗa a Kamaru da na wani makaɗin buluz na Misisipi. Dalili ɗaya shi ne a wasu sassan Amurka an hana bayi kaɗa ganga, kamar yadda dokar Karolina ta Kudu ta 1740 ta yi, don tsoron kada su kira juna tawaye da ita. Sai kayan tsirkiya suka samu wurin zama. Ita kanta banjo ta Amurka, wadda da farko da duma da fata ake yin ta, danginta su ne irin su gurmi da molo da garaya. Ke nan ba daga kotso buluz ya fito kai-tsaye ba, ya fi kusa da goge da kukuma da gurmi. Amma jan murya da karya ta, da kira da amshi, duk ɗan ƙasar Hausa da ya saurara zai ji ƙamshin gida.

Kuma Sakkwato ba baƙuwar wannan zumunci ba ce. A 1960, shekarar da Najeriya ta samu 'yancin kai, sarkin jaz na duniya Louis Armstrong ya zagaya ƙasashen Afrika da ƙungiyarsa, ya zo har Kaduna. Akwai hoton da aka ɗauke shi tare da Firimiyan Jihar Arewa, Sa Ahmadu Bello Sardaunan Sakkwato, suna dariya. Sardaunan da Ɗanƙwairo ya wasa da kotso, shi ne dai ya karɓi mai kakakin New Orleans.

YADDA SUKA CETO NASU

Abin da ya kamata mu lura da shi shi ne, buluz ma ya taɓa shiga halin da kotso ke ciki yau. Sabbin kaɗe-kaɗe sun zo, matasa suka juya masa baya suna ganin kiɗan ƙauye ne, kiɗan wahala. Tsofaffin makaɗa suka koma gona da dako. Abu uku ne suka tsamo shi: naɗa, dandali, da fim.

Naɗa ita ce ta farko. A 1941 wani mai tattara waƙoƙin gargajiya, Alan Lomax, ya ɗauki na'urarsa ya shiga ƙauyukan Misisipi yana naɗar muryoyi don babban ɗakin karatu na majalisar Amurka. A wata gonar auduga ya tarar da wani lebura ya naɗe shi. Wannan leburan shi ne Muddy Waters, wanda daga baya ya koma Chicago ya zama uban gidan buluz na zamani. Shi kuwa Robert Johnson waƙa 29 kacal ya bari, waɗanda ya naɗa a 1936 da 1937, ya rasu a 1938 yana ɗan shekara 27. Da aka tattara su aka sake fitarwa a 1990, sai da suka ci kambun Grammy.

Sai dandali. Akwai wani tsoho, Mississippi John Hurt, da ya yi faifai a 1928, kasuwa ba ta karɓa ba, ya koma ƙauyensu Avalon yana noma. Bayan shekara 35 wani matashi mai son tsofaffin faya-fayai ya bi sawunsa har ƙofar gida. A watan Yulin 1963 aka ɗora shi a kan dandalin bikin kiɗan gargajiya na Newport, wanda ake yi a fili lokacin zafinsu, yana da kimanin shekara 70. Dubban ɗalibai suka zauna suna saurarensa. Shekara uku da suka rage masa a duniya ya yi su ne cikin daraja da rufin asiri. A New Orleans kuma, tun 1961 aka buɗe wani ɗan zaure mai suna Preservation Hall don tsofaffin makaɗan jaz su samu wurin yin wasa a biya su. Tsofaffin sun shuɗe, amma waɗanda suka koya a hannunsu sun ci gaba da sunan ƙungiyar. Haka nan a 2005 wasu matasa baƙar fata uku suka riƙa zuwa gidan wani tsoho mai goge irin na Turawa, Joe Thompson, a Karolina ta Arewa, suna zama gabansa suna koyo. Ƙungiyar da suka kafa, Carolina Chocolate Drops, ta ci Grammy a 2011 da waƙoƙin kakanni.

Na uku shi ne namu, wato fim. A 2003 babban darakta Martin Scorsese ya jagoranci jerin finafinan dokumentari guda bakwai a kan buluz. A wanda ya ba da umarni da kansa, "Feel Like Going Home", kyamara ta bi wani matashin makaɗi daga Misisipi har ƙasar Mali, wurin Ali Farka Toure na Niafunke, wanda ya rasu a 2006. Bayan shi an yi "Cadillac Records" a 2008, inda Beyonce ta fito a matsayin mawaƙiya Etta James, aka yi "Ma Rainey's Black Bottom" a 2020, fim na ƙarshe da marigayi Chadwick Boseman ya fito a ciki. Duk fim ɗaya da ya fito, sai sabbin matasa sun koma neman tsofaffin waƙoƙin.

MU KUMA FA?

Yanzu mu dawo gida mu dubi kanmu. Tun daga "Turmin Danya" na ƙungiyar Tumbin Giwa a 1990 zuwa yau, industirinmu ta fitar da dubban finafinai. Nawa ne a ciki aka kira ƙungiyar makaɗan gargajiya situdiyo aka ce su yi wa fim kiɗa tun daga farko har ƙarshe? Nawa ne aka yi a kan rayuwar wani makaɗi? Mai karatu, lissafa da yatsun hannunka ɗaya, ka ga ko za su ƙare.

Ba a rasa dalili ba. Da fiyano ta shigo situdiyoyin Kano a shekarun 1990, ta zo da sauƙi. Mutum ɗaya zai zauna ya fitar da amon ganga da sarewa da goge a yini guda, alhali ƙungiya sai an yi mata kuɗin mota da masauki da abinci, a kuma nemi makirufo da yawa da wanda ya iya saita su. Ga tasirin finafinan Indiya da muka tashi da su, inda waƙa ta saurayi da budurwa ce, mu kuwa makaɗan fada ba su saba da wannan ba. Ga kuma tsohon kallon da ake yi wa makaɗi a matsayin maroƙi, wanda ya sa mawaƙin fim ke gudun a haɗa shi da su.

Amma ku tuna da "Sangaya". Abin da ya sa fim ɗin Sarauniya ya girgiza kasuwa a daidai shigowar shekara ta 2000 ba Ali Nuhu da Fati Mohammed kaɗai ba ne. Labarin gidan sarauta ne, kuma kiɗan, ko da yake da fiyano aka yi shi, an juya shi ya yi amon gargajiya. Kwaikwayon ma ya sayar, ina ga na ainihi? A 'yan shekarun nan kuma mun ga yadda Naziru M. Ahmad, wanda aka naɗa Sarkin Waƙar Sarkin Kano a 2018, da Aminu Ala suka ɗebo salon makaɗan fada suka zuba a waƙoƙinsu, matasa suka karɓa hannu bibbiyu. Ashe ba kunnen matasa ne ya ƙi ba, ba a kawo musu ba ne.

Wani zai ce waƙoƙin sun cika tsawo, kuma Sakkwatancin ciki ya yi zurfi, Bakano ko Bazazzagi ba zai gane ba. Gaskiya ne akwai tsawo, amma ai ba wanda ya ce a sa waƙa sukutum. Minti ɗaya na kotso a fitowar da sarki ke shigowa fada ya fi duk wani amon kwamfuta da ake aro daga finafinan Turawa. Batun karin harshe kuwa, iyayenmu a ko'ina cikin Arewa sun kalli "Idon Matambayi" na NTA Sakkwato sun yi dariya har da hawaye, ba wanda ya nemi tafinta.

LOKACI BA YA JIRA

Abin da ya sa maganar ta wuce ta nishaɗi shi ne, ƙasar da ta haifi wannan kiɗa tana cikin wani hali. Tun bayan gyaran ƙananan hukumomi na 1976 ƙarfin aljihun sarakuna ya ragu, riƙon makaɗi da doki da riga da hatsin shekara ya zama sai wane da wane. Sannan ga bala'in 'yan bindiga. Ka sake duba sunayen garuruwan da muka lissafa: Isa, Sabon Birni, Zurmi, Maradun, da yankin Shinkafi inda Tubali take. Su ne sunayen da aka yi ta ji a labaran hare-hare da satar mutane a shekarun nan. A watan Agustan 2024 aka kashe Sarkin Gobir na Gatawa, Alhaji Isa Muhammad Bawa, a hannun waɗanda suka sace shi. Inda ake tsoron kwana a gida, wa zai tara jama'a da dare don kiɗa? Inda aka bar gona, ina makaɗin noma zai kaɗa? Biki ya ragu, gayya ta ragu, kuma a irin waɗannan wurare ne yaro ke koyon amshi.

Shi kuwa amshi ba a koyon sa daga kaset. Kaset zai ba ka kalmomi da amo, amma ba zai koya maka lokacin da za ka tarbi jagora ba, ko yadda mutum huɗu ke raba bugu ba tare da sun yi karo ba. Wannan sai an zauna shekara da shekaru a bayan wani. Ranar da na ƙarshen waɗanda suka iya ya kwanta dama, sai dai mu riƙa jin muryoyin matattu a waya. Su kansu muryoyin, yawancinsu gidajen rediyo ne suka naɗe su, musamman na Kaduna, sai kuma masu sayar da kaset a kasuwa, kuma zaren kaset ba ya son zafi da ƙura irin namu.

ƘALUBALE GA 'YAN FIM

Me za a yi? Ba sai an jira gwamnati ba. Furodusan da zai yi fim ɗin sarauta ko na ƙauye ya ware wani abu cikin kasafinsa ya ɗauko ƙungiya ta gaske, ya naɗe ta da kyau, ya sa sunan kowane ɗan amshi a jerin ma'aikata. Marubutanmu su duba labaran da ke zube a ƙasa ba mai ɗauka. Rayuwar Ɗan'anace da Shago kaɗai ta isa fim mai dogon zango: ga dambe, ga hamayya, ga tafiye-tafiye, ga amana tsakanin makaɗi da gwaninsa. Wanda ke son bincike, ga Sashen Harsunan Najeriya na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, ga Gidan Tarihi na Waziri Junaidu a nan cikin gari, ga littattafan Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau a kan makaɗa da mawaƙan Hausa. Masu shirya gala kuma, me zai hana a ba masu kotso ko goge rabin awa kafin taurari su hau? Maƙwabtanmu na Nijar tun shekarun 1980 suka sa wa babbar gasar kiɗansu sunan Ɗan Gurmu, tsohon makaɗin Tawa, don kada a manta da shi.

Sai dai a yi hattara da haƙƙi. Waɗannan waƙoƙi ba tsintuwa ba ne, suna da magada. A dokar haƙƙin mallaka ta Najeriya ta 2022, waƙa tana ƙarƙashin kariya har shekara 70 bayan rasuwar mai ita. Ke nan waƙoƙin Ɗanƙwairo suna da sauran tafiya har 2061. Duk mai son sa su a fim ya nemi iyalinsa a yi magana ta fahimta. Mun sha kuka da masu satar fasaha, kada mu ma mu zama su.

Da aka tashi daga bikin, wajen sha ɗaya da rabi, na ƙarasa inda makaɗan ke naɗe kayansu. Na durƙusa na gaida jagoran, na ce, "Baba, sannunku da aiki. Wa kuke koya wa?"

Ya yi murmushi ya nuna wani yaro ɗan kimanin shekara goma sha biyu da ke tattara kuɗin liƙi cikin hula. Ya ce, "Ga jikana nan. Kunne gare shi, amma fiyano yaka so. Mu ga iyayenmu munka ishe kiɗin ga, ɗana. Ba a koyo nai ga waya, sai an zamna."

Muna cikin haka sai ga saurayin nan mai cewa zai kama gabansa. Ya rage tsawo ya gaida tsohon, ya ce shi yana ɗan taɓa waƙa a wani situdiyo, ko Baba zai yarda ya riƙa zuwa gida yana saurare? Tsohon ya dube shi sama da ƙasa, ya ce ya zo ranar Alhamis bayan la'asar, kuma in zai zo ya bar wayar a aljihu.

Yaron nan mai hula dai yana gefe yana kallon su. Na lura ya daina ƙirgar kuɗin, ya jawo kotson kakansa ya rataya a kafaɗa kafin su kama hanya.